Muryar Yaya a Gaban Kanta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki da kika ciyar har ya yi kumatu, yanzu kuma fareti ya zuƙe su. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Gimbiya da ita Gimbiyar. Ya ciwon bayan nan naki? Ya yaran ajinki, har yanzu suna goge majina da gefen rigarki? Ni lafiyata lau, in ban da ƙafafuna da takalmin kurata ya sale. Wayoyinmu suna kulle a ofis sai ranar da muka gama makarantar 'yan sandan nan, shi ya sa kika ga takarda kamar zamanin kakanninmu. Da ma su ne suka haɗa mu, tunda kakata da taki ciki ɗaya suka fito, to bari mu yi irin tasu.

Mun rage guje-guje mun shiga aji. Wata Sufeto ce take koya mana laifuffuka, da dokar kare yara, da ta duka a cikin gida. 'Yar siririya ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka sai ka tuna duk ƙaryar da ka taɓa yi. Ba ta yarda da karatu zalla ba. Takan sa a jawo teburi gaban aji ta ce ga kantar ofishin 'yan sanda, wani ya zauna a bayanta, wani ya zo da magana. Rannan ta nemi wanda zai fito a uwar da aka kira saboda an ga tabo a jikin 'yarta. Kin san ba a banza kuka sa min Aku ba. Tun ban ɗaga hannu ba 'yan ɗakinmu suka turo ni gaba.

Yaya, ke na yi. Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya ɗauko. Na gyara mayafin da babu shi, na yi 'yar dariyar nan taki ta hanci, na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta zama wuri ɗaya. Jiya ƙofar kabad, shekaranjiya matattakala. Ni har na gaji da shafa mata magani." Aji ya kece da dariya, wani har da dukan benci. Ni kuwa kaina ya kumbura, na ƙara kashe murya.

Sufeto ba ta yi dariya ba. Ta bari suka gama, sannan ta ce, "Kun ji ta? Ta amsa tambayar da ba a yi mata ba, ta kawo dalili biyu a kan tabo ɗaya, ta yi dariya a inda babu abin dariya. Haka mai rufa wa wani asiri yake magana." Da aka tashi ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Kurtu, wannan ba ƙirƙira ka yi ba. A bakin wa ka ji?" Na ce a fim na gani. Ta dube ni ta ce to.

Tun daga ranar abinci ba ya min daɗi. Na tuna inda na ji maganar: a kan matattakalar gidanku, ranar da matar bene na ƙasa ta kama hannun Gimbiya tana tambaya. Ina tsaye a bayanki da ledar cefane, ni ma dariya na yi. Watannin da na yi a gidanki ina neman aikin nan, katifata a lungun falo, na ci naki na sha naki, ga abin da na saka miki da shi a gaban ƙattin da ba su san ki ba. Kunya ta hana ni barci mai kyau. Ki yafe min.

Amma akwai tambaya, kuma ba zan iya haɗiye ta ba. Yaya, akwai mai taɓa Gimbiya?

Ƙaninki,
Aku

*

Aku,

Na sami takardarka, lafiyarmu ƙalau. Bayan yana nan yadda ka bar shi. Ka riƙa sa safa biyu, takalmin zai daina cin ka.

Ashe abin da ake koya muku ke nan, kwaikwayon matan da suka dafa muku? Na karanta a ɗakin malamai lokacin da yara suke barcin rana, na rasa inda zan sa fuskata, kamar ajin naku yana tsaye a kaina. Ka ce in yafe, na yafe. Ai ni na saba maka, ni nake cewa ka yi min muryar mai gidan haya in yi dariya.

Tambayarka kuma, ka bar min gidana. Ba kowane abu da ka gani ta gefen ido ka fahimta ba. Abu ɗaya nake roƙon ka don Allah: kada sunan Baban Gimbiya ya fito daga bakinka a wurin nan, kada kuma ka rubuto abin da zai faɗa hannunsa. In ya san maganar nan ta fita waje ban san yadda zan kalle shi ba. Ka aiko takarda ta makarantarmu, kada ka aiko ta gida.

Gimbiya tana gaishe ka, ta ce yaushe za a ba ka hula.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata baya ya yi sauƙi. Na sa safa biyu, Allah ya saka.

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a ninki. Ban ambaci Baban Gimbiya ba, ke kika ambace shi. Kika ce kada takarda ta faɗa hannunsa. Yaya, makon nan abin da muke karantawa ke nan, yadda tsoro yake sa mace ta zama mai gadin wanda yake cutar da ita.

Yanzu komai yana dawo min. Yadda nakan hawo matattakala da yamma in jiyo muryarsa tun daga bene na farko yana cewa, "Ya isa haka!" sannan kukan yarinya. Ranar da na tarar da shi ya riƙo damtsenta yana jan ta waje, hannun nan nasa na mai walda, ke kuma kina kicin kin juya baya kina wanke tukunyar da take a wanke. Sufeto ta ce mu lura da wanda yaro yake kallo kafin ya amsa tambaya. Gimbiya ke take kallo kullum, ko ruwa aka ce tana so. Wurinki take neman tsira, ni kuwa ina zaune ina ba ta dariya da muryar direban bas.

Ba ke kaɗai ba ce. Akwai umarnin da kotu take bayarwa a nisanta mutum da gida har a gama bincike, ba sai an ɗaure kowa ba. Ki rubuto min ko da layi ɗaya ne.

Aku

*

Yaya,

Gaisuwa. An raba wasiƙu sau da yawa tun waccan, ina tsayawa a layi ina komawa hannu wofi. Ko ba ki da lafiya ne? Ko ta faɗa hannunsa?

Zan faɗa miki abin da na yi don ki ji daga bakina. An koya mana cewa ɗan sandan da ya san yaro yana cikin haɗari ya yi shiru, shi ma ya yi laifi, ko da yaron na gidansu ne. Shirunki ya tsorata ni. Na je ofishin Sufeto na ce mata ba a fim na ji ba. Ta tambaye ni abin da na gani da idona, da abin da na ji da kunnena, da abin da nake zato, ta ce in raba su. Na raba, amma na gaya mata zaton nawa ba na shakka a kansa. Ta ce za ta miƙa wa sashen kula da yara na unguwarku.

Ki yi fushi da ni yanzu, na yarda. Wata rana za ki gane don ku na yi.

Aku

*

Aku,

Muna raye. Ba zan ce maka lafiya ba, don ƙarya ta ishe ni.

Sun zo. Mace ɗaya daga ofishin kula da yara, da ɗan sanda ɗaya mai furfura. Ba su yi hayaniya ba, har takalma suka cire. Matar ta shiga ɗaki da Gimbiya ta rufe ƙofa, ta duba bayanta da cinyoyinta. Gimbiya ba ta ce mata komai ba, ko kalma. Shi kuma ɗan sandan ya wuce shagon walda. Ka san shagon, a bakin titi yake, ga masu gyaran taya a gefe, ga mai shayi. A gabansu aka ce ya ajiye abin rufe fuskarsa ya zo a yi magana.

Da aka zaunar da mu a ofis aka tambaye shi ko shi ne yake dukan yarinyar, sai da aka maimaita, ka san kunnensa ɗaya ƙarar ƙarfe ta kashe shi. Da ya ji, ya dube ni. Ni kuwa ƙasa nake kallo. Sai ya ce, "Ni ne. Zuciya ce take ɗibata." Aka ce ya bar gidan har kotu ta saurari maganar, kada ya zo kusa da yarinyar. Ya haɗa kayansa a jakar da yake zuba kayan aiki, yanzu a shago yake kwana a kan kwali.

Aku, ba shi ba ne. Ni ce.

Na rubuta na tsaya ina kallon kalmomin, na ce in yaga takardar, amma ga ta. Ni ce nake dukan 'yata. Ba dukan da iyaye suke cewa horo ba, na san bambancin, a wurin aikina ni nake koya wa sababbin malamai shi. Yini guda ina durƙushe ina lallashin 'ya'yan mutane, wannan ya yi fitsari, wancan ya ciji wani, ina murmushi, iyaye suna cewa Malama akwai haƙuri. In na hawo benen nan babu sauran komai a cikina. Sai in tarar ta zubar da ruwa, ko ta ɓatar da murfin biro, abin da ko kallo bai isa ba. Kafin in san inda nake, wayar caji tana hannuna. Bayan nan in shiga banɗaki in buɗe famfo don kada a ji kukana, in fito in shafa mata magani, in rantse ba zan ƙara ba.

"Ya isa haka" da kake jiyowa daga bene na farko, da ni yake. Jan ta da ka ga yana yi, ƙwace ta yake yi, ya kai ta shago ya zaunar da ita a kan kujerar roba ya saya mata biskit har in huce. Yakan rufe shago da wuri ya bar aikin mutane don ya riga ni isowa gida. Kallon da ka ce tana min kafin ta amsa, fuskata take karantawa ta ga ko yau da sauƙi. Na ce maka kada ya ji maganar ta fita ne don shekaru yana rufa min, ko ƙanwarsa bai gaya wa ba. Ya ɗauki laifin ne don ya san in aka ce ni ce, aikina ya tafi, babu wanda zai ƙara ba ni ɗansa. Da na bi shi bakin ƙofa ranar da zai tafi, abin da ya ce min kawai shi ne, "Ki riƙe hannunki har in dawo."

Ban riƙe ba. Shekaranjiya ta ƙona hannun rigar makarantarta da dutsen guga, wai tana so ta taimaka min. Babu wanda ya yi tsawa, babu wanda ya shigo tsakani. Ni da kaina na tsaya, don hannuna ya gaji. Ka cire mutum ɗaya tilo da yake tare ni, ka bar ta da ni mu biyu a gidan nan. Ba don in ɗora maka nake faɗa ba. A ofishin nan ina zaune, bakina ba a ɗinke yake ba, na bari mijina ya zubar da mutuncinsa a gaban mai shayi.

Yau matar bene na ƙasa ta kawo min abinci ta rungume ni, ta ce Allah ya raba ni da azzalumi. Na karɓa na ce na gode.

Ban san me nake so ka yi da takardar nan ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Allah ya sa Gimbiya tana lafiya a lokacin da kike karanta wannan. Ke ma.

Na karanta takardarki a bayan ɗakin cin abinci, a tsaye. Da na gama na zauna a kan bokitin shara. Mutumin da yake ajiye min kuɗin mota a ƙarƙashin kofi don kada in ji kunyar karɓa, shi na sa aka kira a gaban maƙwabtansa. Na ga ƙaton hannu da babbar murya, na ce na gama bincike. Darasi na ɗauka rabi, na ɗora wa bawan Allah, har ina rubuta miki wai wata rana za ki gane. Ina tuna layin nan ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na je ƙofar ofishin Sufeto na juya. Na sake zuwa na sake juyawa, na ce ai Yaya ce, ita ta wanke min kaya, ita ta zauna da ni a asibiti da na yi zazzaɓi. Sai na tuna yamma tana yi, kina hawa benen, babu kowa a gidan sai ita. Na koma na ƙwanƙwasa.

Ban ba ta takardarki ba, taki ce. Na gaya mata abin da ke ciki. Na ɗauka za ta wanke ni tas, ko ta ce in haɗa kayana. Sai ta ce, "Abin da ka gani gaskiya ne, abin da ka ji gaskiya ne. Zatonka ne ya fitar da mutum daga gidansa, mu kuma muka bi zaton naka don ya yi kama da wanda muka saba gani." Ta ɗauki waya a gabana. Ta ce za a rubuta kuskuren nan a takarduna na aiki, na ce a rubuta.

Za su zo, Yaya, wataƙila kafin wannan ta iso. Sau biyu ke nan ina aiko miki da mutane ƙofa. Na tambaye ta ko ɗaure ki za a yi, ta ce ba ita take yankewa ba, amma uwar da ta buɗe baki da kanta ba ɗaya take da wadda aka tono ba, kuma akwai masu zama da iyaye su taimaka musu. Ban sani ba ko za ki ƙara kirana ƙaninki. Ki gaya wa Baban Gimbiya, a'a, bari, ni zan je shagon da ƙafata in tsaya inda aka tsayar da shi in faɗa a gaban kowa.

Aku

*

Ƙanina,

Ina gaishe ka. Gimbiya lafiyarta lau, shi na san kake so ka fara ji. Ni ma ina nan.

Takardarka ta same ni na riga na je. Kwanaki kaɗan bayan na aika maka tawa na shirya Gimbiya kamar za mu makaranta, muka wuce makarantar, muka shiga ofishin kula da yara. Matar nan tana waya da muka shiga, ashe da Sufetonku take magana. Ta ajiye ta dube ni, na ce mata na zo in gyara magana. Ban yi dariyar hanci ba, ka ji, ko sau ɗaya. Don haka kada ka ɗora wa kanka laifin wannan karon, na farkon ma mu raba shi, nawa ya fi yawa.

Kada ka je shagon ka yi jawabi, ba ya son taro. Da aka kira shi aka gaya masa an ɗage masa umarnin, bai yi murna ba, faɗa ya yi min wai me ya kai ni. Ya yi ta faɗa da muryar nan har matar ta ce ya sassauta. Sannan ya zauna ya rufe fuska da hularsa. Ka je kawai ka gaishe shi in an sake ku, zai ba ka abin da za ka riƙe masa, shi ke nan kun shirya.

An dakatar da ni a wurin aiki. Shugabar makarantar ta kasa haɗa ido da ni, ni ma haka. Maganar tana gaban kotu, ban san me za a yanke ba. An haɗa ni da wata mata da nake zuwa wurinta muna magana, ta fi tambaya a kan gajiya da barci fiye da duka, abin ya ba ni mamaki. Matar bene na ƙasa ta aiko a karɓar mata kwanonta.

An ce Gimbiya za ta zauna da babanta a gidan ƙanwarsa, ni in riƙa ganin ta a ofis da wani a zaune. Jiya suka zo ɗaukar kayanta. Na ninke mata komai, na sa mata sabuwar rigar makaranta a sama. Na ɗauka za ta yi kuka, har na shirya abin da zan ce mata. Ba ta yi ba. Ta ce, "Sai an jima, Mama," da ladabinta, kamar yadda take gaida baƙi. Babanta ya ɗauki jakar suka fita.

Na tsaya a bayan ƙofa ban rufe ba. Suna sauka, takunsa mai nauyi, nata yana bi. Da suka kai bene na farko sai na ji wata 'yar murya tana tashi a cikin matattakalar, siririya, mai daɗi, tana bin takun ƙafa. Na leƙa in ga 'yar wa ce.

Aku, shekararta tara a ɗakina. Ban san 'yata tana waƙa ba.

Yayarka